Cikin Mardiya na Biyar

Mas'ud ɗan Barkiya ne, amma tun yana saurayi ya koma Dutsin-Ma da zama. Yana da ƙaramin shago a bakin kasuwa inda yake sayar da maganin ciyawa da na ƙwari. Da damina ba a cika samunsa a shagon ba, sai ya goya tankin feshi ya bi gonakin mutane, daga Dutsin-Ma har ƙauyukan Kurfi, musamman idan wake ya fara fure. Ba ya sa takunkumi, ba ya sa safar hannu. Tankin yakan yi yoyo ya jiƙa masa baya har cikin wando, ya wuni a haka rana na dukansa. Haka duk masu feshi suke yi, bai taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba.

Matarsa Mardiya 'yar Kurfi ce, tela. Auren soyayya suka yi, kuma a shekara tara da suka yi tare maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba. Abu ɗaya ne ya hana gidan sakewa. Mardiya tana ɗaukar ciki, amma cikin ba ya zama. Da ya kai wata biyu ko ya doshi uku, sai jini ya ɓalle.

A ɓarin farko kowa ya ce ba komai, ana yin haka. A na biyu Inna Kyauta, mahaifiyar Mas'ud, ta zo daga Barkiya ta tsaya a kan keken ɗinkin Mardiya ta daɗe tana kallonsa.

"Wanga abu da kike takawa da ƙahwa tun sahe har dare, ina ɗa zai zauna?" in ji ta.

Mardiya ba ta yi musu ba. Ta mayar wa mutane yadukansu, ta lulluɓe keken da tsohon zane, daga baya ma aka kai shi gidan yayanta Ilu a Kurfi don kada ya riƙa tsone mata ido. A lokacin ne kuma wani ma'aikacin asibiti ya ba Mas'ud shawara shi ma a duba shi. Ya je wani ɗakin gwaji nan cikin gari, aka ce masa maniyyinsa lafiya lau, ƙwayoyin suna da yawa, suna motsi yadda ake so. Daga ranar aka cire shi daga cikin maganar. Shi kansa ya cire kansa.

Abin da ya rage duk a kan Mardiya ya faɗa. Ta sha saiwoyi masu ɗacin da ke sa ta amai. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi. An hana ta ɗaukar bokitin ruwa, an hana ta hawa babur, an hana ta cin yaji. Duk ɓarin da ta yi sai an kai ta asibiti an yi mata wankin ciki, ta dawo gida a rame tana dafa bango. A gidan biki, idan ta miƙa hannu za ta karɓi jariri, akwai matan da sai sun ɗan yi jim kafin su ba ta. Inna Kyauta ba muguwar mace ba ce, ita ke jinyar Mardiya duk lokacin da abin ya faru, amma bakinta ba ya riƙe magana.

"Mahaihwar wasu mata haka take, ba ta da riƙo," takan ce, tana damawa Mardiya kunu. "Sai dai a yi ta addu'a."

Har Mardiya ta kai ga faɗin haka da bakinta. Idan mata suka zo yi mata sannu, takan ce, "Ni dai Allah ya yi ni da irin wannan jikin."

Ɓari na huɗu ya zo da lokacin sanyi. A asibitin da aka kai ta akwai wata sabuwar likitar mata, Dakta Rabi'atu, da ta ɗauki lokaci tana tambayoyi. Ta sa aka yi wa Mardiya gwajin jini iri-iri da hoton mahaifa. Da suka koma karɓar bayani, sai ta juya wajen Mas'ud.

"Malam, ban ga abin da zan kama a jikinta ba, sai dai tabon wankin cikin da aka yi ta yi mata. Kai nake so a duba."

"Ai an duba ni, Likita. An ce ba ni da matsala."

"Wannan gwajin daban ne. Ba a yin sa a nan, sai ka je Kano. Mece ce sana'arka?"

Da ya faɗa mata, sai ta ce ya daure ya je da wuri, kuma kafin nan su dakata da neman wani cikin.

Mas'ud ya ce to. Amma bai tafi ba. Ya ce sai ya haɗa kuɗin mota, ya ce sai kasuwa ta ɗan buɗe, ya ce bari azumi ya wuce. A ƙasan ransa gani yake ɓata lokaci ne. Namijin da ya yi wa mace ciki sau huɗu, me kuma za a duba a jikinsa? Maganar dakatawar ma suka riƙe ta na ɗan lokaci, daga baya ta sake. Sai bayan ƙaramar Sallah, da Mardiya ta roƙe shi har da hawaye, ya shiga mota.

Zuwa biyu ya yi Kano. A na farko aka karɓi abin gwajin, likitan ya kuma duba jikinsa. A na biyu likitan, wani dattijo mai sanyin murya, ya sa ya zauna ya rufe ƙofa.

"Gwajin da ka yi a baya ƙirga ƙwayoyin ya yi, ya ga suna motsi," in ji shi. "Bai leƙa cikinsu ba. Kowace ƙwayar maniyyi tana ɗauke da rabin tsarin halittar jariri, a naɗe kamar siririn zare. Shi ne ake kira DNA. Ɗaya rabin yana cikin ƙwan mace. To kai, a cikin ƙwayoyinka da yawa, wannan zaren ya tsittsinke."

Mas'ud ya ce bai gane ba. "Ai ciki yana shiga, Likita."

"Yana shiga. Ƙwayar da zarenta ya lalace tana iya iyo ta isa ƙwai kamar kowace. Sai jariri ya fara ginuwa, ya zo wajen da ya tsinke, ginin ya tsaya. Daga nan jikin mace ya fitar da shi."

Mas'ud ya kalli hannayensa. Fatar yatsunsa ta daɗe da yin kaushi saboda magani.

"Kana nufin duk wannan wahalar da ta sha, daga ni ne?"

"Ba zan rantse maka cewa kowane ɓari daga nan yake ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Amma an duba ta ba a ga dalili ba, kai kuma an duba an gani, kuma lalacewar ba kaɗan ba ce."

Ya yi masa bayanin abubuwa biyu da yake zargi. Jijiyoyin jini na marainansa na hagu sun kumbura, suna tara zafi a wurin da ba ya son zafi. Sannan ga maganin feshin da ya shekara goma sha yana shaƙa, yana jiƙa masa jiki. Ya ce abin yana iya gyaruwa. Ya bar feshi kwata-kwata, a yi masa ƙaramar tiyata a ɗaure jijiyoyin, ya sha wasu magunguna. Jiki yana ɗaukar kamar wata uku kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, don haka sai an jira an sake gwaji.

"Abin da na fi so ka riƙe shi ne wannan," in ji likitan. "Kada ta ɗauki ciki yanzu. Ku ba shi wata shida."

Da la'asar sakaliya ya iso gida. Ya tarar Mardiya ta share tsakar gida, ta yi wanka ta sa kwalli, ga dambu da zogale a rufe a kan tabarma. Rabon da ya gan ta da irin wannan fuskar har ya manta. Ya zauna, ta zuba masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Mardiya, zauna. Akwai magana."

Bai ɓoye mata komai ba. Ya faɗa mata yadda likitan ya faɗa masa, har da zaren da tsinkewarsa. Tana sauraro tana murza gefen zanenta. Da ya kai ƙarshe ya ajiye kofin.

"Shekara tara ana ce miki ke ce. Ni ma na bari ana faɗa. Ki yafe mini."

Ta saki gefen zanen. Can ta ce, "Wato ba keken ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Ba kuma jikina ba."

Ya girgiza kai. Ta sa bayan hannu ta share ido, kwallin ya ɓata mata kunci.

"Ya ce abin yana gyaruwa," Mas'ud ya yi saurin cewa. "Wata shida kawai za mu jira. Ya ce dai kada ki ɗauki ciki kafin nan."

Sai ya ga ta kai hannu ta dafe mararta. Ta dube shi.

"Malam," ta ce a hankali, "jiya na je awo. Wata biyu ke nan ban ga al'adata ba. Shi ya sa na yi maka dambu."

Ranar babu wanda ya ci dambun. Kafin a kira magariba ta sa shi ya yi mata alkawari ɗaya, cewa ba zai gaya wa kowa abin da aka gano ba, ko Inna.

"Ni na riga na saba da bakin mutane," in ji ta. "Kai ba ka san shi ba. A kasuwa kake wuni, da me za ka ji?"

Ya ce bai yarda ba, ta ce to don girman Allah ya bari har su ga yadda wannan cikin zai kasance. A haka ya amince.

Washegari suka koma wajen Dakta Rabi'atu. Ta ce ba duk ƙwayoyin ne suka lalace ba, mai yiwuwa wannan karon an dace da mai lafiya. Ta ce Mardiya ta riƙa zuwa awo a kai a kai, kuma kada ta yi nisa da asibiti, don tabon da ke mahaifarta ba abin wasa ba ne idan jini ya zo.

Mas'ud ya sayar da tankunansa, ya sallama shagon ga wani, ya koma taya wani abokinsa awon hatsi a kasuwa. Manoman da suka saba da shi suka yi ta zuwa nemansa da damina ta sauka, yana ce musu ƙirjinsa ne ba ya son warin maganin. Tiyatar kuwa ya ɗage ta, ya ce ba zai kwanta ba alhali ita ma tana bukatar mai kula da ita.

Cikin ya wuce wata uku. Bai taɓa kaiwa nan ba. Ranar da aka ɗora mata na'ura suka ji bugun zuciyar jaririn, da sauri-sauri kamar ana buga ƙaramar ganga a nesa, Mas'ud ya fita waje ya jingina da bango yana ta hamdala. Ya shiga wata na huɗu. Mardiya ta fara cika, ta fara kwaɗayin ɗanyen mangwaro da gishiri alhali lokacinsa ya wuce, ya zagaye gari yana nema. Wata rana da hantsi ta kira shi a waya yana tsakiyar awo, ta ce ta ji motsi. Ba su gaya wa kowa ba, amma mayafi ya daina ɓoye abin.

Cikin watan Agusta matar ƙanensa Abdullatif ta haihu a Barkiya, ɗa na uku. Mas'ud ya ce shi kaɗai zai je suna.

"In ban je ba ka san abin da za a ce," in ji Mardiya. "Sunan na farko ina kwance, na biyu ma ina kwance. Wannan ina tsaye da ƙafafuna. Za a ce baƙin ciki nake yi da haihuwarta."

"A ce mana."

"Ba kai za a gaya wa ba, Malam. Wuni ɗaya ne. Mu tafi da safe, mu dawo da la'asar."

Ya ɗauki shatar mota don kada ta hau babur. Suka isa lafiya, aka raɗa suna, ya ga ta shiga cikin mata ana ta yi mata barka da arziki, Inna Kyauta tana riƙe da hannunta tana nuna ta ga dangi. Ranar kasuwa ce ta kama, abokin aikinsa yana ta kiransa, sai ya ce bari ya koma Dutsin-Ma, da la'asar ya dawo da motar ya ɗauke ta.

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da suka iso rafin da ke kan hanyar ƙauyen, shi da direban, suka tarar ya cika ya tumbatsa, har ya shafe inda motoci ke bi. Suka tsaya tare da wasu matafiya suna jiran ya janye, bai janye ba. Da rana ta yi ƙasa direban ya ce shi fa zai juya, don kowa ya san ba a kai magariba a wannan dajin saboda 'yan bindiga. Mas'ud ya samu waya ta shiga da ƙyar. Mardiya ta ce lafiyarta lau, bayanta ne kawai ke ɗan riƙewa, ya je ya dawo da safe.

Abin da ya faru bayan nan, daga baya aka ba shi labari. Ciwon ya taso bayan isha'i. Kafin a yi wani abu cikin ya fita, amma mabiyiya ta ƙi biyowa, jini kuma ya ƙi tsayawa. Babu mai motar da zai fita, babu hanyar ma. Unguwarzoma ta yi iya yinta. Da gari ya waye maza suka ɗauko ta a kan ƙyauren ƙofa suka ratsa ruwan da ita, ya kai musu ƙugu. A ɗaya gaɓar Mas'ud yana tsaye da mota. Da ya ga fuskarta bai gane ta ba, leɓunanta sun yi fari fat.

An shiga da ita tiyata kai tsaye. Shi da Abdullatif da Ilu, yayanta, duk suka ba da jini. Da Dakta Rabi'atu ta fito, ta ja shi gefe. Ta ce mabiyiyar ta manne ne a kan tsohon tabon, ta shige cikin naman mahaifar, babu yadda za a raba su. Ta ce sun tsayar da jinin, Mardiya za ta rayu in Allah ya so, amma sai da suka cire mahaifar.

Mas'ud ya ce, "Na gode, Likita." Ya sake cewa, "Na gode." Sannan ya zauna a ƙasa.

A barandar asibitin Inna Kyauta tana zaune, zanenta duk laka da jini, don ita ta riƙe kan Mardiya tun daga Barkiya. Da aka gaya mata, ta yi salati ta fashe da kuka. Cikin kukan ne ta ce, "Wayyo ɗiyar mutane. Dama mahaihwar ba ta da riƙo, ga shi ta tahi gaba ɗaya. Masa'udu, sai haƙuri, haka Allah ya yi ta."

"Inna, ki daina faɗin haka."

Bai taɓa katse ta ba tun da ya yi wayo. Ilu da Abdullatif suka juyo.

"Mahaifarta lafiyarta lau. Ni ne. An gwada ni a Kano tun bayan Sallah, aka ce irina ne ya lalace, maganin feshi da wata cuta a jikina. Ita ta hana ni faɗa, don kada a yi mini dariya."

Inna Kyauta ta dube shi kamar ya yi wani yare. "Kai kuma mi kake hwaɗi? Namiji da ya yi wa mace ciki har biyar?"

"Cikin yana shiga, Inna, amma abin da nake ba ta ba mai rayuwa ba ne. Duk saiwar da aka ɗura mata, duk wankin cikin da aka yi mata har ya ja mata wannan, ni ya kamata a nema wa magani."

Ilu ya tashi ya fita daga barandar, bai dawo ba sai da yamma.

Mardiya ta yi kusan wata guda a asibiti. Ranar da ta farfaɗo sosai Dakta Rabi'atu ta gaya mata da kanta, Mas'ud yana riƙe da hannunta. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta juya fuskarta bango, ta ce a ja mata labule. Da suka koma gida takan wuni a ɗaki. Tana dafa abinci, tana amsa gaisuwa, amma in ya yi mata magana sai ya maimaita kafin ta ji.

Bayan kaka ita ce ta tayar da maganar tiyatarsa. Ya ce ba zai yi ba, amfanin me za ta yi yanzu? Ta ce ai cuta ce a jikinsa, ko ba don haihuwa ba ya kamata a cire ta, kuma in bai je ba ba za ta yafe masa ba. Ya je aka yi. Watanni suka wuce, likitan Kano ya kira shi a sake gwaji, nan ma ita ta matsa masa.

Ranar da ya dawo da sakamakon, ya daɗe a ƙofar gida kafin ya shiga. Tana zaune tana tsintar shinkafa.

"Me ya ce?"

Ya tsaya yana juya takardar a hannunsa.

"Malam, me ya ce?"

"Ya ce ya gyaru. Ya ce yanzu kusan kamar na kowa ne."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. Ta ci gaba da tsintar shinkafar, har farantin ya suɓuce ya kife. A nan ne kukan da ba ta yi a asibiti ba ya zo mata. Ta durƙusa a kan shinkafar tana yi da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo ta katanga. Ya rungume ta, tana cewa, "Wata shida fa kawai. Wata shida." Shi ma ya san lissafin da take yi. Da ya tafi Kano lokacin da aka ce ya tafi, da ba haka ba.

Bayan mako guda ta ce tana son ta je Kurfi ta huta a gidan Yaya Ilu. Ya kai ta da kansa. A zaure, kafin ya juya, ta ce masa ya nemi aure.

"Ba fushi nake yi ba, wallahi. Ka warke, kana da damar ganin ɗanka, kada ka bar ta saboda ni. Amma ba zan iya zama in ga an yi goyo a gidan nan ba. Na gwada a raina, na kasa. In ka ga sauƙi ne ka sallame ni, ba zan riƙe ka ba."

"Ba zan sake ki ba, Mardiya."

"To ka bar ni a nan tukuna."

Ya bar ta. Duk Juma'a bayan masallaci yakan hau babur ya je Kurfi. Ilu, da ya yi watanni ba ya amsa masa gaisuwa da kyau, ya sauko har yakan shimfiɗa masa tabarma. Mardiya takan fito su gaisa, ta tambaye shi kasuwa, ta kawo masa fura. Wani lokaci daga cikin gida yakan ji ana kiranta, masu kawo ɗinki sun zo. Ba ta ce za ta dawo ba, shi kuma ya daina tambaya.

Wata Juma'a Inna Kyauta ta zo Dutsin-Ma ta ce ya tafi da ita Kurfi. Tun ranar asibiti ba ta ƙara tayar da maganar ba, ko da shi. Da suka isa ba ta tsaya a zaure ba, ta shige har ɗakin Mardiya, shi ya tsaya a bakin ƙofa. Mardiya ta zame daga kujera za ta durƙusa, tsohuwar ta riga ta kaiwa ƙasa.

"Inna, don Allah ki tashi."

"Bar ni nan. Ɗiyata, na zo neman gahwara. Na ɗora miki abin da ba naki ba, shekara da shekaru, da bakina. Ban sani ba, amma rashin sanin bai rage miki zahi ba."

"Na yafe, Inna. Ni ma ai na yarda da maganar. Har a sallah ina roƙon Allah ya gyara mini jikina."

Suka riƙe hannun juna. Can Mardiya ta yi tambayar da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Inna, ke kika gani. Mene ne?"

"Mace ce," in ji Inna Kyauta. "Ta kai tsawon tahin hannuna. Har da 'yan yatsunta. Ni na naɗe ta a sabon ƙyalle, Abdullatif ya kai ta makwancinta."

Mardiya ta gyaɗa kai. Ta ce ta gode da aka gaya mata. Ta tashi ta zuba wa Inna ruwa, ta raka su har ƙofar gida, amma da tsohuwar ta ce ko za ta bi su, sai ta ce a ƙara mata lokaci.

A hanyar komawa Inna Kyauta ta kifa goshinta a bayan ɗanta tana kuka a kan babur, har sai da ya tsaya a gefen titi ta huce.

Yau shekara biyu ke nan. Auren yana nan, ba a raba shi ba. An kawo wa Mas'ud maganar mata ba ɗaya ba, har Mardiya da kanta ta aiko masa da sunan wata bazawara mai hankali a unguwarsu, bai je ko gani ba. Yana nan a kasuwar Dutsin-Ma yana awon gero da dawa. Ita tana Kurfi. Da Sallar da ta wuce ta zo ta kwana biyu, ta wanke masa kaya, ta gyara ɗakin, a rana ta uku ta ce ya mayar da ita, ya mayar.